Guitar Romantic a kan sabon faifai: sharhin mai saurare

Idan ana maganar kiɗan pop-punk, wato kiɗan jita mai sauri da ƙara (punk) da aka haɗa da amshi mai sauƙin bi, na farkon shekarun 2000, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Green Day da Blink-182, waɗanda suka sayar da miliyoyin faya-fayai kuma gidajen rediyon Amurka suka yi ta saka su dare da rana. Ba kasafai ake ambaton The Exploding Hearts ba, ƙungiyar samari ta birnin Portland a jihar Oregon wadda aka kafa a 2001, alhali kundin waƙoƙinsu guda ɗaya tilo, Guitar Romantic, ya fi yawancin abin da aka fitar a wancan zamani daɗewa a kunnena. Shi ya sa da kamfanin Third Man Records na mawaƙi Jack White ya sake buga shi a faifan garmaho a 2023, shekara 20 bayan fitowarsa a Amurka ƙarƙashin Dirtnap Records, na ƙudura sai na mallake shi, ko da kuɗin aikowa zai yi nauyi.

Dalilin da ya sa ba a san su sosai ba abin baƙin ciki ne. A ranar 20 ga Yulin 2003, watanni kaɗan bayan fitar kundin, motarsu ta kife a babbar hanya kusa da garin Eugene, suna dawowa daga wasa a San Francisco. Mawaƙinsu Adam Cox, da mai kaɗa bes (jita mai kaurin sauti) Matt Fitzgerald, da mai ganga Jeremy Gage, duk suka rasu, kuma babu wanda ya kai shekara 25 a cikinsu. Terry Six, mai jita, shi kaɗai ya tsira daga cikin makaɗan. Tun daga lokacin kusan duk wanda ya ɗauki alƙalami a kansu da hatsarin yake farawa, da shi yake ƙarewa, har kiɗan nasu ya koma kamar abin da ake saurare don ta'aziyya. Wannan bai yi musu adalci ba, domin waƙoƙi goman da ke cikin kundin, waɗanda ba su cika rabin sa'a ba, cike suke da zafin jini da barkwanci da ƙuruciya.

Bangon faifan yana nan da launukansa na ruwan hoda da rawaya masu ɗaukar ido, kuma a girman faifan garmaho ne mutum yake ganin yadda samarin suka yi ado irin na 'yan punk na Birtaniya a ƙarshen shekarun 1970. Adon bai yi ƙarya ba, saboda kiɗan ma daga can ya sha nono: akwai saurin Buzzcocks, akwai daɗin amshin The Undertones, akwai kuma tsarin The Jam. Amma ba kwaikwayo kawai suka yi ba.

Abin da na fi jin tsoro kafin in ɗora allura shi ne kada gyaran sauti ya wanke kundin fiye da kima. Pat Kearns ne ya naɗi ainihin aikin, kuma an bar jitocin suna ƙara da kaushi da gangan, kamar amsa-kuwwar da aka ƙure wa murya har ta fara tsagewa. Wannan kaushin shi ne rabin daɗin, kuma na same shi yana nan daram. Bambancin da kunnena ya kama yana can ƙasa ne, wajen bes da ganga, waɗanda a da nake jin su a dunƙule idan ina saurare ta waya. A waƙar "Throwaway Style", alal misali, bes ɗin yana tafiya da irin takun kiɗan Motown na baƙaƙen fatan Amurka, yana tsalle tsakanin bugun ganga, kuma sai a kan faifan nan na iya bin sa tun daga farko har ƙarshe ba tare da jitoci sun haɗiye shi ba. Haka nan a "Sleeping Aides and Razorblades", waƙar rabuwa da masoyiya wadda kalmominta masu ɗaci ne amma karinta yana sa mutum kaɗa ƙafa, muryoyin amshi sun fito a rarrabe, har ana gane inda wani ya ɗan riga ɗan'uwansa shiga. Irin wannan ƙaramin rashin daidaito ne yake nuna cewa mutane ne a cikin ɗaki suke rera waƙa, kuma na ji daɗi da ba a goge shi ba.

Saurarensu a haka ya ƙara tabbatar mini cewa gwanintar ƙungiyar tana cikin tsara waƙa ne. Kowace waƙa tana shiga amshi da wuri, tana da mahaɗa ta gaske a tsakiya, kuma tana ƙarewa kafin a gaji da ita. A nan dole a ambaci King Louie Bankston, mawaƙin jihar Louisiana wanda ya zauna tare da su a Portland, ya taya Cox rubuta da dama daga cikin waƙoƙin, kuma ya rasu a 2022, kafin wannan bugu ya fito. Cikin ƙarin da aka yi wa sabon faifan akwai wani haɗin sauti na "I'm a Pretender" da ke ɗauke da sunansa, wanda ya ba ni damar jin rawar da ya taka fiye da yadda na sani a da.

Game da sauran ƙarin kuwa, ra'ayina a rabe yake. Waƙoƙi ne masu kyau, sai dai kundin na asali an gina shi ne ya ƙare da sauri, don haka sau da yawa nakan ɗaga allura bayan waƙa ta goma. Wanda yake son jin ragowar ayyukansu sosai ya nemi Shattered, tarin da Dirtnap ya fitar a 2006.

Ga wanda yake da garmaho mai kyau kuma yana son jita mai ƙara da amshi mai shiga rai, wannan faifai ya cancanci kuɗinsa. Wanda bai taɓa jin su ba kuwa ya fara da "Modern Kicks", waƙar da ta buɗe kundin, ya kuma ƙara murya sosai, domin a ƙasa-ƙasa kaushin jitocin ba ya fitowa yadda aka nufa.