Fiya 'yar Afirka ta Kudu: sai ta nuna take biyan kuɗinta

Ba fiyar nan mai ƙaton ƙwallo da ake shafa wa burodi nake nufi ba. Ɗayar nake nufi, mai kama da tuffa amma da ɗan wuya, wadda masu kayan marmari ke jerawa kusa da inabi. Wadda na fi saye koriya ce mai ɗan tudu-tudu a jiki, a kwalinta an rubuta Packham's Triumph, daga Afirka ta Kudu, ko da yake asalin irin na Ostireliya ne, wani manomi Charles Packham ya samar da shi a 1896.

Ana yi wa fiyar nan rashin adalci. Ɗanya ake tsinko ta, domin ba ta nuna da kyau a bishiya, sai an ajiye. Sai mutum ya saya, tun a mota ya gatsa, ya ji ta gagau kamar ɗanyen dankali, ya ce an cuce shi. Ni a faranti nake barin ta a ɗaki, ba a firji ba, in ina sauri in naɗe ta a takarda tare da ayaba. Kada ki jira ta yi rawaya, launinta ba ya wani sauyawa. Ki danna wuyanta kusa da tsinken da babban yatsa. In ya ɗan lotsa, ta yi. In kika bari har jikinta ya yi laushi, tsakiyar ta riga ta lalace, don daga ciki take fara nuna. A zafin bazarar Kano kuwa, tsakanin nuna da ruɓa babu nisa.

Wadda aka kama a kan gaɓa, ruwanta har gwiwar hannu, ga ƙamshi. Akwai dai ɗan tsaki-tsaki a harshe, wanda yarana ba sa so.

Masu taurin nake dafawa. In fere, in raba biyu, in ƙwaƙule 'ya'yan da cokali, in zuba a ruwa kaɗan da kirfa, kanumfari, ɗanyar citta da zuma, a rage wuta har wuƙa ta shige ba gardama. Ba ta dagargajewa. Da kindirmo mai sanyi a kai, wallahi ba a magana. In ɗanya za a yanka wa baƙi, a matsa mata lemon tsami, don tana saurin yin duhu.

'Yar Sin mai zuwa cikin ragar soso kuwa, garas-garas take, ruwa da yawa, ƙamshi kaɗan, kuma ba ta laushi komai daɗewarta. A ci ta da sanyinta kawai. Ban ga amfanin dafa ta ba.

Tsada kam akwai. Shi ya sa ba na sayen fiye da abin da za mu cinye a mako.