Gargaɗi ga masu babur a Gadarif: a kula da mai akwatin agogo huɗu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani mutum da ke yawo a kasuwannin Gadarif da ƙauyukan hanyar Doka, ɗauke da akwatin katako mai agogo huɗu, kowanne da bututun roba yana lilo. Cewa yake zai wanke kafireta, ya saita ta da na'ura, babur ya koma shan rabin man da yake sha. Don girman Allah kada kowa ya miƙa masa mashin. Ni na miƙa, kuma yau nawa yana kwance a warsha, inji a buɗe.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya san halin da banzin, wato fetur, ya shiga. Sau da yawa na kwalba muke saye a bakin titi, wani da ruwa a ciki, wani da ƙasa. To wa zai ji an ce man zai ragu ya ƙi tsayawa? Da wannan yake kama mutane, ga kuma Hausa a bakinsa tsaf, da gaisuwa mai tsawo, sai ka ji kamar ɗan unguwarku ne.

Nawa Boxer 150 ne, da shi nake zirga-zirga tsakanin gari da gona lokacin yankan riɗi. Matsalarsa ɗaya ce: da safe ba ya tsayawa a sulo sai da cok. Mutumin ya tsugunna, ya maƙala bututu ɗaya a wuyan da ke tsakanin kafireta da inji, ya ce in tayar. Allurar agogon ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ya girgiza kai, ya ce, "Ka gani ɗan'uwa? Kafiretarka ta sauka daga layi, manka zuba yake a banza." Ya kwance ta, ya sa a jaka, ya zaga bayan wani shago wai can injin wankinsa yake. Bayan rabin awa ya dawo ya ɗaura, ya sake sa bututun, allura ta tsaya cak. Na biya shi abin da ya kai kuɗin galan biyu, har da godiya.

Kwanakin farko man ya ɗan ragu, gaskiya ne. Sai inji ya fara zafin da nake ji a ƙwaurina, in na saki totur salansa ta riƙa tas-tas, in na murɗa ya yi jinkiri kafin ya ɗauka. A sati na uku, da buhu biyu a baya da tsakar rana, ya mutu a hanya. A raksha aka kawo shi gari.

Wani dattijon usta, wato babban bakanike, ne ya duba min. Fulogi ya fara cirewa, ya miƙo min a tafin hannu: bakinsa fari fat kamar alli. Ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa maka kafireta? An hana wa injin nan abinci." Da ya buɗe, bawul ɗin salansa ya ƙone, fistin duk a karce. Kafiretar ma ba tawa ba ce. Ta kamfani ta tafi a jaka, an dawo min da jabu, babban jet ɗinta, wato ɗan ƙarfen da fetur ke bi ta raminsa, ƙarami, allurar totur an sauke ta har ƙasa.

Na ce, "Baba, to saitin na'urar fa?" Abin da ya faɗa min shi nake so kowa ya riƙe. Wancan akwatin kayan aiki ne na gaskiya, amma na manyan babura ne masu kafireta biyu ko huɗu, irin Honda CB750 da ta fito a 1969, mai silinda huɗu da kafireta huɗu. Kowane agogo yana auna zuƙar iskar silinda ɗaya, bakanike ya yi ta murɗa sukurori har allurai su zo daidai da juna. Boxer da 'yan'uwansa na China da muke hawa silinda ɗaya gare su, kafireta ɗaya. Da me za a daidaita ta? Karkarwar allura kuwa, haka take yi a kan kowane inji mai silinda ɗaya, lafiyayye ko maras lafiya, saboda numfashinsa bugu-bugu ne. A jikin bututun akwai ɗan famfo da ake matsewa don ta natsu. Shi ya sassauta da farko, ya matse daga baya, ina tsaye ina kallo ban sani ba.

Ragin man ma ba fasaha ba ce. Inji yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. In aka ƙuntata fetur ƙasa da abin da ya kamata, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi sai ya yi ta ɗaukar zafi, balle a ranar Gadarif da kaya a baya. Lafiyayyen fulogi launin ƙasa-ƙasa yake yi, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari kuwa a tsaya nan take.

Abin da ya fi ci min rai, ciwon babur ɗina na asali ƙaramin jet ne na sulo da dattin man kwalba ya toshe. Aikin minti ashirin: a kwance kofin ƙasa, a zubar da ruwan da ya kwanta, a cire jet a fesa masa maganin wanki da iska har a hango haske ta raminsa, ba a zura masa waya, domin tagulla ce mai laushi, ramin faɗaɗa yake. A wanke soson iyakilina mai tace iska, a riƙa tace mai da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Duk wanda za a taɓa wa kafireta, a yi aikin a gabansa, ya karce mata alama da ƙusa, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin jet a waya. Wanda kuma wannan mutumin ya riga ya yi wa aiki, ya cire fulogi yau ya duba, kada ya jira ya ji tas-tas. Mu uku ne yanzu a warsha ɗaya da ciwo iri ɗaya, ɗayanmu yaro ne da babur ɗin ma na haya ne, ga mahaifiya da ƙanne da suka yi gudun hijira daga Madani yana ciyarwa. A tura wannan saƙo ga 'yan'uwa na Kasala da Mai Wurno, domin mutumin ba ya daɗewa a kasuwa ɗaya.