Hattara da masu "sayen kwandala mai kuskure" a Gombe

Jama'ar Gombe, wata damfara ta shigo gari da sunan sayen tsoffin kwabbai da kwandala. A WhatsApp da Facebook za ka ga hoton kwabo mai huji ko naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, an zagaye wani wuri da jan layi, wai an yi kuskure wajen bugawa, kuma akwai Bature a Ingila da zai biya miliyoyi. Ko wane irin hoto ka tura musu, amsar ɗaya ce: "Alhaji, ka dace, irin wanda muke nema ke nan." Daga nan a fara yanka: kuɗin rajista, kuɗin gwaji, kuɗin takardar shaida, kuɗin kwastan. Ranar da ka ce aljihu ya bushe, ranar za a toshe lambarka.

Ta ido da ido ta fi muni. Wani dattijo a wajenmu Pantami, wani mutum fes da shi cikin shadda ya same shi a rumfa ya ce, "Baba, in kun samu kwabon 1936 ku ajiye mini, da tsada nake saye," har ya bar ɗan kafin alƙalami. Ba a daɗe ba sai ga yaro da shigar ƙauye, da kwabbai ƙulle a tsumma, wai a tukunyar kakarsa ya tsinta. Baba ya kwashe jarinsa ya saye duka. Mai shadda da yaron bakinsu ɗaya, har yau babu labarinsu.

Na ga kwabban, kuma na gaske ne, tsadar ce ƙarya. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disamba 1936, bai cika shekara ba, shi ya sa 'yan damfara ke cewa kuskure ne sunansa ya fito a kuɗi. Amma a Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini da sunansa da yawan gaske, masu tara tsoffin kuɗi ba sa wahalar samunsu. Hujin tsakiya haka aka tsara shi. Ɗan harafin H ko KN da suke nuna maka kamar wani asiri, alamar masana'antar da ta buga ne, Heaton ko King's Norton, duka a Birmingham.

Kuskuren bugu kam akwai shi. Amurka ta fitar da kwandalar santi ɗaya a 1955 wadda rubutunta ya fito biyu-biyu, Ingila kuma a 2008 ta saki wasu kwandaloli na feni ashirin babu shekara a jiki, kuma masu tarawa na biyan kuɗi mai kauri a kansu. Sharaɗin shi ne aibin ya faru a gidan buga kuɗi, kafin kwandalar ta shiga hannun mutane. Idan hatimin da ke bugawa ya tsage, layin zai fito a tashe, yatsa zai ji tudunsa. Karcen ƙusa ko wuƙa kuwa rami yake yi, ya ture ƙarfe gefe da gefe. Idan bugu ya kauce daga tsakiya, wani ɓangare zai zauna sumul kamar jinjirin wata, babu tabo. Wadda aka daka da guduma rubutunta a baje yake, wadda aka goga da magagari tana ƙyalli a inda aka ci, wadda aka jiƙa a ruwan batir kuma fuskarta duk ƙananan ramuka. Naira ɗaya da naira biyu na 2007 ƙarfe biyu ne a haɗe. Wasu kan fitar da na tsakiya su mayar a karkace su ce kuskure ne. Nemo wata irinta ka jera su, ka kai wa mai sayar da gwal ya ɗora su a sikelinsa a ga ko nauyinsu ɗaya ne.

Masu zama da guduma suna "ƙera kuskure" su sani: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana lalata naira, takarda ko kwandala, hukuncinsa ɗaurin akalla wata shida ko tarar akalla ₦50,000, ko duka biyun.

Mai saye na gaskiya shi ke ba ka kuɗi, ba ya fara karɓar naka, kuma ba ruwansa da BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka. Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa, ya adana hirarsu da lambar asusun da aka ba shi, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na nan Gombe.