Insite na Vancouver: sharhina kan wurin da ake yin allurar ƙwaya a gaban nas

Duk wanda ya taɓa bin titin East Hastings a birnin Vancouver na ƙasar Kanada ya san unguwar Downtown Eastside ba wajen da ake zuwa yawon buɗe ido ba ne, mutane ne a kwance bakin titi, wasu a tsaye sun lanƙwashe biyu saboda fentanil, wata ƙwaya da ta fi hiroyin ƙarfi, motar asibiti kuma jiniyarta ba ta yankewa. A tsakiyar wannan unguwa, lamba 139, nan Insite yake. An buɗe shi a watan Satumba 2003, shi ne na farko a duk Arewacin Amurka da hukuma ta yarda ɗan ƙwaya ya shigo da kayansa ya yi allura ma'aikacin lafiya na kallonsa. Hukumar lafiya ta Vancouver Coastal Health da wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira PHS ne ke tafiyar da shi tare. Ni na ga cikinsa ne lokacin da ake mana horon aikin jinya aka zagaya da mu, shiyasa nake so in faɗi yadda aikin yake tukunna, dan na lura masu zaginsa da masu yabonsa da yawa ba su san me ake yi a ciki ba.

Ba sa sayar da ƙwaya kuma ba sa bayarwa, kowa da tasa yake zuwa. Kana shiga za ka ba da sunan da kake so a riƙa kiranka da shi, ba a neman katin shaida, ba a karɓar ko kwabo. Sai a ba ka sabon sirinji da ruwa mai tsafta da ɗan cokalin narkar da ƙwayar da robar ɗaure hannu, ka wuce ɗaya daga cikin ƙananan teburan ƙarfe da ke jere. Kowane tebur da madubi a gabansa, kuma madubin nan shi ne sirrin wurin, dan nas tana zaune a bayansu amma tana ganin fuskar kowa, da ta ga kan mutum ya faɗi ko leɓensa ya fara canja launi ta san numfashi ne yake tsayawa, nan take za a sa masa oksijin, in ta kama a yi masa allurar nalokson wadda take karya ƙarfin hiroyin da fentanil. In ka gama akwai ɗakin hutawa a sha kofi, akwai inda ake wanke gyambo da ƙuraje, kuma za ka iya ba da ƙwayarka a gwada a gaya maka me aka haɗa a ciki. A saman bene akwai Onsite da aka buɗe a 2007, wanda ya ce ya gaji yana so ya daina can ake kai shi.

Ta fannin tsafta da tsari wallahi ban ga abin kushewa ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ma'aikatan suke magana da mutanen nan da mutunci, mutanen da a waje ko kallon arziki ba a musu.

Sakamakon ma ba ɓoyayye ba ne. Mutum dubbai sun suma a cikin ginin nan tun 2003 amma ba wanda yawan ƙwaya ya kashe a ciki. Wani bincike da ya fito a mujallar Lancet a 2011 ya nuna mace-macen ƙwaya sun ragu da kashi 35 cikin ɗari a kewayen mita 500 na wurin bayan buɗe shi, sauran garin kuwa kashi 9 ne kawai. Kar a manta a 1997 sai da aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a unguwar saboda yadda cuta mai karya garkuwar jiki take yaɗuwa ta hanyar aron sirinji.

Na san mai karatu zai ce haba, ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Nima shaye-shaye haramun na ɗauke shi kuma har gobe haka ne. Amma mutum sai yana da rai zai tuba, sai yana da rai zai shiga magani, kuma aya ta 32 a Suratul Ma'ida a kan ceton rai ba ta ware ran ɗan ƙwaya ba.

Toh siyasar ce ta fi gajiyar da ni. Magajin garin da ya fara tura maganar, Philip Owen, ɗan ra'ayin riƙau ne ma, shi ya kawo tsarin nan na ginshiƙai huɗu wato rigakafi da magani da rage illa da aikin ƴan sanda, sai Larry Campbell da ya gaje shi aka buɗe wurin a zamaninsa. Da Stephen Harper ya zama firayim ministan Kanada a 2006 sai gwamnatin Conservative ta juya wa abin baya, ministan lafiya Tony Clement ya ƙi sabunta izini, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Kanada, a ƙarshen Satumba 2011 alƙalai tara gaba ɗaya suka ce rufe wurin tauye haƙƙin rayuwar masu zuwa ne, dole a bar shi. Gwamnatin ba ta haƙura ba, a 2015 ta yi doka mai sharuɗɗa 26 kafin a buɗe irinsa, firayim minista Justin Trudeau da ya gaji Harper ya rage su zuwa biyar a 2017, wuraren suka yawaita. Yanzu kuma iska ta sake juyawa, a 2024 shugaban jam'iyyar Conservative Pierre Poilievre ya kira su matattarar ƴan ƙwaya, a lardin Ontario gwamnatin Doug Ford ta hana su zama cikin mita 200 daga makaranta ko gidan renon yara, wanda ya shafi wurare goma zuwa ƙarshen Maris 2025.

Kuma gaskiya masu adawar suna da tasu hujjar da bai kamata a raina ba. Mai shago da yake share allurai a ƙofarsa kullum da safe, ko uwar da take wucewa da yaranta ta wajen, ba mugunta ce ta sa suke kuka ba. Sun ce an yi shekara 20 ana rage illa amma ga unguwar nan ta ƙara lalacewa, gwamnatin British Columbia, lardin da Vancouver take ciki, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan mace-macen ƙwaya a Afrilu 2016 kuma a 2023 sama da mutum 2,500 ƙwaya ta kashe a lardin. Ita kanta gwamnatin lardin ta David Eby na jam'iyyar NDP da ta fara gwajin daina kama mai ɗauke da ƙwayar da ba ta wuce giram 2.5 ba a Janairu 2023, sai da ta janye batun sha a bainar jama'a a 2024 saboda ƙorafi ya yi yawa.

Inda na rabu da su shi ne ɗora wa Insite laifin. Fentanil ne ya shigo kasuwa ya canja komai, kuma mafi yawan masu mutuwar nan a cikin ɗaki suke mutuwa su kaɗai ba mai ganinsu. Ginshiƙi huɗu aka yi alkawari, guda ɗaya aka gina sosai aka bar shi da nauyin rufin duka. Gadajen magani ba su isa ba, mutum zai ce yau na shirya dainawa a ce ya jira, kafin layi ya zo kansa niyyar ta tafi, kuma wanda ya gama magani in ba shi da gida titin da ya baro zai koma. Masu goyon bayan wurin ma suna da laifi a nan, sun daɗe suna kare shi kamar shi kaɗai ya wadatar, duk wanda ya yi maganar tsaron unguwa sai a ɗauke shi maƙiyi.

Babban giɓin da ke tsarin wurin shi ne an gina shi ne dan masu allura, alhali ofishin binciken gawa na lardin ya nuna yanzu yawancin masu mutuwa zuƙar hayaƙin ƙwayar suke yi, to kaga mutanen da suka fi shiga haɗari ba su ne teburan nan suka fi yi wa amfani ba. Ga kuma magungunan barci da ake haɗawa da fentanil ɗin yanzu waɗanda nalokson ba ya taɓa su, mutum zai dawo numfashi amma ya yi awanni bai farka ba, ma'aikata suna tsare da shi wasu suna jira a layi.

A aikin da aka buɗe shi dominsa na ba shi tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi ne saboda batun masu zuƙa da ƙarancin gadajen magani na Onsite da ke saman bene.