ICA ko IAMCR: ina mai binciken hoto daga Maraɗi za ta fara?

Ƙanwata, kin ce kin gama bincikenki kan zanen allunan shagunan babbar kasuwar Maraɗi, na masu aski da teloli da masu gyaran waya, kuma kuɗin hannunki na tafiya ɗaya ne tak: cikin manyan ƙungiyoyin duniya biyu na masu nazarin sadarwa, taron ICA za ki nema ko na IAMCR? Ni dai IAMCR zan ce ki fara da ita.

ICA a Amurka aka kafa ta a 1950, ofishinta na Washington. Tana da sashe guda na masu nazarin isar da saƙo ta hoto, kuma a nan ne za ki tarar da manyan malaman fannin. Sai dai komai da Turanci ake yi. Ana rufe karɓar takardu wajen farkon Nuwamba, a yi taron a Mayu ko Yuni. Yawanci cikakkiyar maƙala suke so ko doguwar taƙaitawa, masu tantancewa su karanta ba tare da sun san sunanki ba. Gyaran da suke maido wa mutum yana da amfani ƙwarai ko da ba a ɗauke shi ba. Amma wanda ya yi karatunsa da Faransanci tun daga firamare, sai ya fara biyan mai fassara kafin ma a duba hujjarsa.

IAMCR kuwa a Paris aka kafa ta a 1957 da goyon bayan UNESCO, kuma Faransanci na cikin harsunanta na aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Taƙaitawa ake aikawa wajen Fabrairu, taro ya zo wajen Yuli. Masu harkar al'adun hoto a can rukunin aiki ne, bai kai sashen ICA girma ba, amma ni ban ɗauki wannan aibi ba: inda mutane ba su yi yawa ba, an fi samun mai tsayawa ya tambaye ki me ya sa allo ɗaya yake ɗauke da Faransanci da Hausar boko da ajami. Ki dai karanta sanarwar rukunin da kyau, don kowane rukuni yana faɗin harshen da yake karɓa a shekarar.

Ta fuskar kuɗi kusan kunnen doki suke. Duka biyun suna rage kuɗin rajista gwargwadon arzikin ƙasa, Nijar kuma tana sahun da aka fi yi wa sauƙi, kuma dukansu suna da tallafin tafiya da ake nema. Abin da ke karya mutum shi ne tikitin jirgi da masauki da biza, ga zirga-zirgar Yamai a kai. Dubi inda suka zauna: ICA ta je Ostareliya a 2024, Denver ta Amurka a 2025, IAMCR ta yi Lyon ta Faransa a 2023, Christchurch ta New Zealand a 2024, Singapur a 2025. A Afirka, IAMCR ta taɓa zuwa Durban a 2012, na Nairobi na 2021 kuma korona ta mai da akasarinsa kan intanet. Ita ma ICA ta yi tarukan yanki a Nairobi a 2016 da Akara a 2018. Idan irin wannan ya sake fitowa, shawarata za ta iya sauyawa.

Abu ɗaya yana damuna, ko ina kika nufa. Allunan nan suna da masu su. Ki koma wurin masu zanen ki nemi izininsu, ki rubuta sunan kowa a ƙarƙashin aikinsa idan ya yarda, ki sake ɗaukar hotunan da safe kafin rana ta kashe launi. Mintoci kaɗan za a ba ki a zauren, saboda haka ki zaɓi alluna biyar ko shida da za ki iya bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, sauran ki bar su cikin maƙalar.