Hattara da masu sayar da sandar kurket ta jabu da sunan katakon Ingila

Jama'a, musamman iyaye da malaman wasanni na makarantu da matasan da suka fara shiga wasan kurket, ku yi hattara da wasu shafuka da ke tallar sandunan kurket a Instagram da Facebook da TikTok, sannan su ja mutum zuwa WhatsApp a ƙarasa ciniki. Za ka ga hoton sanda fara tas, da tambarin wani babban kamfani, an rubuta "Grade 1 English Willow", wato katakon wilo na Ingila mai daraja ta ɗaya, an ce irin wadda manyan 'yan wasa ke riƙewa ce, amma farashinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ta ainihi ba. Wasu daga cikin masu shafukan nan ba su da ko sanda ɗaya, hotunan wasu suka kwaso. Wasu kuwa suna da kaya, sai dai abin da za su aiko maka daban, abin da ka gani a hoto daban.

Ba abin mamaki ba ne da suka waiwayo kanmu yanzu. Tun da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar kofin duniya da aka yi a Malesiya a watan Janairun 2025, kuma aka san cewa kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, yara da yawa sun fara tambayar iyayensu kayan wasa. Shagunan da ke sayar da kayan kurket na gaske a Najeriya kuwa ba su da yawa, kuma uba da bai taɓa riƙe sandar ba ba shi da abin da zai gwada ta da shi.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. Za a turo maka bidiyo ana dukan fuskar sanda da gudumar katako, kana jin sauti mai daɗi. Za a ce saura guda biyu, wani ma yana kan layi. Za a ba ka lambar asusu da sunan mutum, wanda bai yi daidai da sunan shagon ba, a ce na manaja ne. Idan ka tura kuɗi, bayan 'yan kwanaki sai a ce kaya sun maƙale a hannun kwastam, ka ƙaro kaza a fitar da su. Wanda ya ƙara, za a sake ƙirƙiro masa wani kuɗin. Wanda ya fara tambayoyi, sai a toshe lambarsa. Wannan damfara ce tsantsa, kuma ita ce mai sauƙin ganewa. Wadda ta fi cin mutane ita ce wadda sandar ke isowa, a buɗe kwali a yi murna, sai an shiga fili asiri ya tonu.

Sai an san katakon kafin a gane ha'incin. Dokar wasa, wadda kulob ɗin MCC da ke filin Lord's a Landan ke kula da ita, ta ce dole fuskar sanda ta zama katako zalla. Katakon da ake amfani da shi na bishiyar wilo ne, kuma kashi biyu ne a kasuwa. Akwai wilo na Ingila, wanda ake nomawa a yankuna irin su Essex da Suffolk, ana barin bishiyar ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin a sare ta, a tsaga, a busar da ita a hankali. Ba shi da nauyi, yana da taushi, yana mayar da ƙwallo da ƙarfi. Akwai kuma wilo na Kashmir, wanda ake nomawa ana sassaƙawa a arewacin Indiya, musamman wajejen Anantnag. Ya fi na Ingila nauyi da tauri, launinsa ya fi karkata ga ja-ja ko ruwan ƙasa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na Ingila ba. Yawancin sandunan duniya, har da na wilon Ingila, a garuruwan Meerut da Jalandhar na Indiya da Sialkot na Pakistan ake ƙera su, ana kai katakon can daga Ingila. Saboda haka ganin an rubuta an yi ta a Indiya ko Pakistan ba alamar jabu ba ce. A can ne ake yin na ƙwarai, a can ne kuma ake samun masu algus.

Ina so a fahimce ni da kyau a nan, wilo na Kashmir ba katakon banza ba ne. Sanda ce halastacciya, tana da ƙarko, kuma ga yaro mai koyo ko makaranta mai yara da yawa da ke karɓa-karɓa, ita ce ma ta fi dacewa. Laifin shi ne a wanke ta da sinadarin da zai sa ta yi fari, a liƙa mata sitikar sanannun kamfanonin sanda irin su Gray-Nicolls ko Kookaburra ko SG ko SS, a sayar maka da ita da sunan abin da ba ita ba. Sitikun nan kuwa ana buga kwafinsu ana sayarwa daban, duk mai 'yan kuɗi zai iya saya ya liƙa a kan kowane itace. Kuma wani lokacin ko wilon Kashmir ɗin ma ba a samu, sai a yi amfani da wani katako mara ƙarfi da ake yi wa sandunan buga ƙwallon tanis. Irin wannan idan ta haɗu da ƙwallon fata, wadda nauyinta a wasan maza manya ke tsakanin giram 156 da 163 kuma tauri gare ta, ba ta daɗewa take tsagewa.

Na ga wannan da idona a wurin da muke koya wa yara wasa. Wani bawan Allah ya yi ƙoƙari ya tara kuɗi ya sayo wa ɗansa sanda daga wani shafi, yaron ya zo da ita yana ta murna. Ba a jima ana amfani da ita ba gefenta ya buɗe. Da muka ɗaga ledar da aka manna a fuskarta, sai kyawawan layukan da muke gani kamar na katako ne suka biyo ledar, zane ne aka buga a jikinta, katakon ƙasa kuwa wani abu ne daban. Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda uban ya tsaya yana ba mu haƙuri, kamar shi ne ya yi laifi, alhali shi aka zalunta.

Layukan nan da ke bin tsawon fuskar sanda alamar shekarun bishiya ne, kowane layi shekara guda. Masu sayarwa sun san mutane sun ji cewa yawan layi shi ne kyau, shi ya sa suke zana su ko su buga su a leda. A sandar gaskiya layin da ka gani a fuska yana ratsa katakon, za ka bi shi har ƙasan sandar ka gan shi ya fito ta baya. Idan an rufe ƙasan da roba kuma mai sayarwa ya ƙi nuna maka bayan sandar da kyau, to akwai abin da yake ɓoyewa. Kuma layukan Allah ba sa zuwa daidai wa daida kamar an ja su da rula, dole ka ga wani ya ɗan fi wani faɗi. Sanda mai layi shida zuwa goma sha biyu a miƙe ta wadatar. Batun daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku ma, galibi kyan gani ake aunawa, wato miƙewar layi da rashin tabo, kuma kowane kamfani da irin ma'auninsa. Sau da yawa sanda mai daraja ta uku da ɗan tabo a jiki tana bugu fiye da wata mai daraja ta ɗaya. Saboda haka wanda ya nace sai mai daraja ta ɗaya alhali kuɗinsa bai kai ba, shi ne ɗan damfara ke jira. Sabuwar sandar wilon Ingila mai daraja ta ɗaya daga sanannen kamfani takan kai fam 400 na Ingila zuwa sama. Ka lissafa da canjin yau, ka ƙara kuɗin jirgi, sannan ka dubi farashin da aka ba ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata ƙaryar da suke yawan yi ita ce, wannan irin ta Virat Kohli ce, shahararren ɗan wasan Indiya, ga tambarin MRF. MRF kamfanin tayar mota ne a Indiya da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa, tambarinsa ya daɗe a sandar Sachin Tendulkar, tsohon gwarzon ɗan wasan Indiya, kafin Kohli. Sandunan irin waɗannan 'yan wasa ana zaɓo musu katako ne na musamman, a sassaƙa daidai da hannunsu da salon wasansu. Ko da an ba ɗanka ta ainihin, ba lallai ta yi masa amfani ba.

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce, wa zai riƙe sandar, kuma wace ƙwallo zai buga? Idan ƙwallon tanis ce a unguwa ko a filin makaranta, sanda mara nauyi mai araha ta isa, a saye ta da sunanta. Idan yaro ya fara buga ƙwallon fata, wilon Kashmir na gaskiya zai kai shi shekara biyu ko uku yana koyo. Sai wanda ya fara buga wa kulob ko jiha, wanda ya iya samun ƙwallo a tsakiyar sanda a kai a kai, shi ne wilon Ingila zai yi wa rana, kuma shi ma daraja ta uku ko ta huɗu ta ishe shi.

Girman sanda ya fi sunan kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba. Sandunan yara suna da lamba daga 0 zuwa 6, sai wadda ake kira Harrow ta 'yan samari, sai ta manya da ake rubuta wa SH. Tsayin yaro ake bi, kamar mai tsayin santimita 150 zuwa 157 lamba 5 ce tasa, na sama da shi kaɗan lamba 6. Idan yaro ya tsaya ya jingina sandar da ƙafarsa, kan mariƙin ya tsaya wajen saman cinyarsa. Masu shafukan nan yawanci ta manya kawai suke da ita, sai su ce wa uba ai yaro zai girma ya same ta. Kafin ya girma ɗin ta riga ta lalata masa hannu, domin sanda mai nauyi tana sa yaro ya riƙa jan ta da hannun ƙasa yana share ƙwallo gefe guda, ya kasa miƙe sanda, kuma gyara wannan ɗabi'a yana ɗaukar lokaci mai tsawo.

Ga manya, yawancin sanduna suna tsakanin giram 1,100 da 1,250. Za ka ga ana rubuta 2.8 ko 2.10, wato laba 2 da oza 8, ko laba 2 da oza 10. Ku lura, 2.10 ta fi 2.8 nauyi, ta farko wajen giram 1,190 ce, ta biyu wajen giram 1,134. Amma lambar sikeli ba ta gaya maka yadda sanda za ta ɗagu a hannu, wannan sai ka riƙe ta. Ka ɗaga ta da hannun da ke sama shi kaɗai, ka yi kamar za ka buga sau da yawa. Idan wuyan hannunka ya fara rawa, ta fi ƙarfinka. Mai son tura ƙwallo a ƙasa ta gaba, ko mai wasa a filin da ƙwallo ba ta tashi sosai, ya nemi wadda kaurinta ya sauko ƙasa. Mai wasa a kan daɓen siminti da aka shimfiɗa wa tabarma ko ciyawar roba, inda ƙwallo ke tashi, kuma yana son bugun ƙafar baya, ya nemi wadda kaurinta ke tsakiya ko ya ɗan haura. Ɗan damfara ba zai taɓa tambayar ka ɗaya daga cikin waɗannan ba, asusu kawai zai turo.

Suna kuma ruɗin matasa da kaurin gefe, a ce ga gefe mai milimita 45 ko 50. Tun watan Oktoban 2017 doka ta ƙayyade cewa gefen sanda kada ya wuce milimita 40, kaurinta gaba ɗaya kada ya wuce 67, kuma tun da can ma faɗinta ba ya wuce santimita 10.8, tsawonta kuma inci 38. A babbar gasa alƙalin wasa yana da ma'aunin da yake zura sanda a ciki, wadda ta ƙi shiga ba za a yi wasa da ita ba. Sannan sanda mai ƙaton gefe, mara nauyi, mai araha, galibi an busar da katakon ne fiye da kima don ya yi sauƙi, kuma busasshen katako saurin karyewa gare shi.

Ko sandar gaskiya ce, ba a fitowa da ita daga leda a shiga wasa. Ana shafa mata ɗanyen man linsid (linseed oil) kaɗan, a bi fuska da gefe da ƙasa da gudumar katako a hankali, jimillar kusan awa shida a rarrabe, sannan a fara da tsohuwar ƙwallo. Na kawo wannan ne domin masu ha'inci da shi suke fakewa. Idan ka koma da ƙorafi sai su ce kai ne ba ka shirya ta ba, alhali a talla sun rubuta cewa a shirye take.

Kada a yi cinikin biri a sama. In da hali, a sayi sanda a inda za a riƙe ta, a tafi da koci ko wani tsohon ɗan wasa. In dole sai ta intanet, ka nemi a kira ka ta bidiyo kai tsaye, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a ajiye kusa da sandar, a ɗora ta a sikeli kana gani, a juya maka fuska da baya da ƙasa da inda mariƙi ya shiga katako. Ka nemi adireshin shago, ka sa wani da ke garin ya je ya gani. Ka duba shafin kamfanin da tambarinsa ke jiki ka ga ko akwai wannan samfurin, kuma nawa suke sayar da shi. Kada ka tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na shago, kuma ka nemi rasit da aka rubuta irin katakon a kai. Makarantu su tuntuɓi ƙungiyar kurket ta jiharsu ko kociyoyin da ke aiki da Hukumar Kurket ta Najeriya, sun san dillalan da aka saba saye a wurinsu, kuma idan aka haɗa oda wuri guda farashi yakan sauko.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hotunan hirar da shaidar tura kuɗi da lambar asusun, ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin da zarar an kwashe kuɗin daga asusun dawo da su yana wuya. Ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC idan ba a aiko da komai ba, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC idan an aiko da jabu. Sannan ya sanar da kocinsa da sauran iyayen yara lambar wayar da lambar asusun, domin mutanen nan suna canja sunan shafi cikin dare ɗaya su dawo da hotunan da suka yi amfani da su jiya.