Wace na'ura za ka saya don auna ƙarfin kwatangwalon ɗan tsere?

Ƙwararren ɗan tseren mita 100, idan gudu ya kankama, ƙafarsa ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. Ita kuwa tsoka tana buƙatar wajen kashi uku cikin goma, ko fiye, kafin ta fito da duk ƙarfin da ke cikinta. Ke nan ƙarfi daban, zafin nama daban. Na'urori da yawa ƙarfi kawai suke aunawa, ga mutum a kwance yana turawa a hankali, sannan mai sayarwa ya ce maka lambar da ta fito za ta nuna wanda zai ci tsere. Kafin ka fitar da kuɗinka, ka san wanne daga cikin biyun kake nema.

Ba don kwatangwalo ba shi da muhimmanci na faɗi haka ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun ɗauki hoton tsokokin 'yan tsere da na'urar MRI, suka ga babbar tsokar ɗuwawu ta manyan gwanaye ta fi ta masu bi musu girma da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ita da tsokokin bayan cinya ne ke tura jiki gaba. Na gaban kwatangwalo su ne ke fizgo gwiwa sama don taku na gaba, na matsematsi kuma su riƙe ƙugu kada ya karkace. Abin tambaya shi ne da me za a auna su.

Dinamomita ta hannu, wato ƙaramar na'urar auna ƙarfin tsoka, ita ce mafi sauƙin samu, irin su MicroFET2 da Lafayette. Ba ta fi tafin hannu ba. Ɗan wasa ya kwanta, ka ɗora ta sama da idon sawunsa ko sama da gwiwa, ya tura iya ƙarfinsa na kimanin daƙiƙa biyar, ta ba ka lamba. Da ita kaɗai za ka auna duk ɓangarorin kwatangwalo, hagu da dama, cikin ƙanƙanin lokaci, a bakin fili ko a ɗaki. Kristian Thorborg da abokan aikinsa a Denmark sun yi aiki mai yawa wajen daidaita yadda ake wannan gwaji, don haka ba sai ka ƙirƙiro hanyarka ba. Sai dai tana da babban aibu, kuma a wurin 'yan tsere ya fi fitowa: idan ƙafar ɗan wasan ta fi hannunka ƙarfi, to hannunka kake aunawa. Yaro mai ƙarfin gaske zai ture ka, lambar ta tsaya inda ƙarfinka ya ƙare. Maganinsa ɗamara ce marar talewa, a ɗaure na'urar da ita a jikin ƙafar gado ko wani ƙarfe da ba ya motsi. Don haka kada ka sayi wadda ba za a iya zura mata ɗamara ba, kuma ka duba iyakar nauyin da take ɗauka. Ka haɗa da tef na awo. Lambar ba ta da ma'ana sai ka ninka ta da tsawon da ke tsakanin gaɓar kwatangwalo da wurin da ka ɗora na'urar, ka raba da nauyin ɗan wasan. In ba haka ba za ka zalunci dogo, ka ce gajere ya fi shi ƙarfi alhali tsawon ƙafa ne ya raba su.

Sai babbar na'urar asibiti, irin su Biodex da Cybex, wadda ke juya gaɓa a kan sauri guda da aka ƙayyade, yawanci digiri 60, 180 ko 300 a daƙiƙa. Tana zana ƙarfin tsoka a kowane matakin motsi, ta nuna daidai kusurwar da rauni yake. Ga wanda ke dawowa daga tiyata ko yagewar tsoka, ba ta da kamar ta. Amma tana da tsadar gaske, tana son ɗaki nata da ƙwararren mai sarrafawa, kuma ɗaure kwatangwalo a kanta ya fi ɗaure gwiwa wuya, domin ƙugu yana yawan zamewa. A lokacin gudu kuma cinya tana juyawa fiye da waɗannan lambobi nesa ba kusa ba. Koci ba ya buƙatar mallakarta. Ranar da bukata ta taso, ya kai ɗan wasan inda ake da ita.

A tsakiya akwai na'urorin da aka ƙera don aiki guda, kamar NordBord da ForceFrame na kamfanin VALD. A ta farko ɗan wasa na durƙusawa, a maƙale idon sawunsa, ya sulale gaba a hankali, ta auna yadda bayan cinya ke riƙe jiki yana miƙewa. Wannan yana da amfani, domin galibi tsokar bayan cinya na yagewa ne dab da ƙafa za ta sauka, lokacin da take miƙewa tana taka wa ƙauri birki. Ta biyun tana auna matsewa da buɗewar cinyoyi ba tare da hannun kowa ya shiga ba. Ƙungiya mai 'yan wasa da yawa za ta more su. Ka tambaya tun farko ko manhajar sai an riƙa sabunta ta da kuɗi, kuma ko za ka iya kwashe bayananka idan ka daina biya. Ka kuma sani cewa gwajin durƙuson ya fi nuna aikin tsokar a gwiwa, ba a kwatangwalo ba.

Faifan auna ƙarfi, wanda ake takawa, shi ne ya fi kusa da batun zafin nama. Mai kyau yana ɗaukar awo sau 1,000 a daƙiƙa, saboda haka zai nuna maka ƙarfin da aka fitar a kashi ɗaya cikin goma na farko, wato ɗan lokacin da ya dame mu. Kistler da AMTI na ɗakunan bincike ne, Hawkin Dynamics da ForceDecks ana ɗauka a tafi da su fili. Ka sayi guda biyu, ɗaya ga kowace ƙafa. Matsalarsa ita ce tsalle sama ake yi a kansa, gudu kuwa gaba ake yi, kuma a tsalle gwiwa da idon sawu suna da kaso mai yawa. In kwatangwalo kake so, sai ɗan wasa ya kwanta rigingine, ya ɗora diddige a kan faifan ya danna.

Abin da ni zan fara saya, ko da ba ya taɓa tsoka, shi ne abin auna lokaci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: idan lambar kwatangwalo ta hau amma lokacin mita 30 bai sauka ba, me aka samu? Agogon hannu ba zai yi ba, shi ya sa a al'adar wasannin guje-guje ake ƙara daƙiƙa 0.24 a kan lokacin da aka ɗauka da hannu a gajeren tsere. Ƙofofin haske, masu ɗaukar lokaci da kansu idan ɗan tsere ya gifta, irin Brower, ko Freelap da ake maƙalawa a ƙugu, sun wadatar. A 2016 Pierre Samozino da Jean-Benoît Morin da abokansu sun wallafa hanyar lissafin ƙarfin da ɗan tsere ke turawa gaba, daga lokutan da ya yi a zango-zango da nauyinsa da tsayinsa. Manhajar MySprint na yin wannan lissafi da kyamarar iPhone mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa. Tana son haƙuri wajen jera alamomi da tsayar da kyamara, amma tana raba maka wanda ƙarfin tashi ya gaza masa da wanda saurin ƙarshe ne matsalarsa.

Ga koci mai 'yan tsere kaɗan, abin auna lokaci da dinamomita mai ɗamara sun isa shekaru. Faifai ya zo na uku, idan akwai wanda zai zauna ya karanta abin da yake fitarwa. Kowacce ka ɗauka, ka nemi a bar ka ka gwada ta kafin ciniki ya faɗa: ɗan wasa guda, kwanciya iri guda, bayan ɗumama jiki iri guda, yau da kuma bayan kwana biyu. Idan lambobin biyu sun yi nisa da juna alhali ba abin da ya same shi, canjin da kake fatan gani bayan wata uku na atisaye zai ɓace a cikin wannan tazarar, sai ka mayar musu da kayansu.